Garin Ƙarfi da Goran Baba

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na koma kamun kifi bayan na yi shekaru ina zaman ofis. Ni ɗan masunta ne daga Argungu, amma boko ya kai ni Birnin Kebbi, na samu gida a Gesse, na ajiye tumbi. Ruwan da nake shiga bai wuce na bokiti ba.

Wata rana Baba ya kira ni a waya, ya ce za a buɗe su, wato kamun kifi na gayya, a wani tafki da ke kusa da unguwarmu ta Argungu. Ranar su kuwa kowane gida sai ya shiga da homarsa, wato ragar hannu, da babban goran da masunci ke kwanciya a kansa. "Gwiwata ta gaji," in ji shi. "Ka taho ka riƙa min goran ga, kada a ce gidanmu ba kowa." Tunda nake, Baba bai taɓa roƙona komai ba. Na amsa da sauri, sannan na dubi tumbina.

Mai hankali da sai ya fara zuwa kogi yana gwaji. Ni kuwa waya na ɗauka. Na ci karo da tallan wani garin itatuwa na 'yan wasanni, da hoton wani ƙato mai ƙwanji kamar an cusa masa albasa a hannu. Na yi oda, aka aiko mini ta mota, na je tasha na karɓo gwangwanin a rungume. Kullum da safe ina dama shi ina sha (ɗanɗanonsa kamar an jiƙa kuka da ruwan sanyi), sannan in tsaya gaban madubi ina tanƙwara hannu. Matata Hadiza ta leƙo ta ce, "Mai gida, ba ka ɗan zagaya unguwa da ƙafa?" Na ce mata garin yana aiki daga ciki.

Ranar su na ninka awon garin, na kuma tafi da gwangwanin har bakin ruwa ina nuna wa abokan ƙuruciyata. Aka ba da izini, jama'a suka afka. Na ɗora ciki a bakin gora yadda na tuna ana yi, na ɗaga homa sama don a gan ni. Na manta cewa ciki ne ke toshe bakin gora, kuma ba a yi masa garaje. Ina karkacewa ya kife, ya sha ruwa, ni ma na sha. Na saki homa ina dukan ruwa ina ihu, "Na mutu! Ku taimake ni!"

Sai na ji hannu ya kama wuyan rigata. Baba ne, da gwiwar tasa mai ciwo.

"Kai, tashi tsaye mana," ya ce a hankali. "Ruwan ga ko cibiya bai kai ba."

Na miƙe. Wallahi iyakar cinyata ruwan yake. Dariyar da aka yi a gaɓa har yau tana kunnena. Na so tafkin ya ƙara zurfi ya haɗiye ni.

Baba bai yi dariya ba. Ya tsamo goran, ya zazzage ruwan, ya dafa kafaɗata don ya rage wa ƙafarsa nauyi. Na ce, "Baba, na ba ka kunya." Ya ce, "Ni ba kihi nika so ba. Tun da kat tahi Birni, ban ƙara waiwayawa cikin ruwa na gan ka ba. Yau na gan ka." Hawaye suka zubo mini, na gode wa Allah da fuskata a jiƙe take. Haka muka ƙarasa su ɗin, yana jefa homa, ni ina riƙe da gora ina zame masa sanda.

Da za mu tafi ya ɗauki gwangwanin, ya jijjiga, ya ce in na shanye in kawo masa, murfinsa na da kyau. Yanzu ƙugiyoyinsa ne a ciki. Abin da na koya shi ne, kafin mutum ya yi ihun nutsewa ya fara gwada miƙewa. Duk ranar Asabar kuma ina Argungu, Baba na koya mini hawan gora tun daga farko.