Gem Ɗin Da Ya Ce Har Jibi

Wani ne a Dugabau, manomi, ya ga matasan garin kullum suna tafiya Kabo buga gem ɗin ƙwallo na talabijin. Ya ce wallahi an daina. Ya je Gwarzo wurin Zainulabideen mai kayan wuta ya sayo gem da talabijin kwance, ya bi gari yana cika baki: ranar Juma'a zai buɗe shago, wanda ya sake zuwa Kabo ɗan asara ne.

Juma'a ta zo, shago ya cika. Ya jona waya, ya kunna. Komai kore! 'Yan ƙwallo kore, ƙwallo kore, har alƙalin wasa kamar an tsoma shi a miyar kuka.

Ya dafe kai. "Na sani! Damina ce. Ciyawa ta cinye filin."

Ya goyo tankin feshin maganin ciyawa. Matarsa Sauda ta riƙe masa riga. "Malam, ka kira mai kayan kafin ka kashe mu."

Ya kira. Zainulabideen ya ce, "Saiti ne kawai. Shiga ciki ka bar shi a RGB."

"Na bar shi har jibi?"

"Eh, Ar-ji-bi."

Ya kashe waya, ya kori matasa. "Injin ya gaji da hanya. Sai jibi."

Jibi ta yi, kore na nan daram. Rabin matasan sun koma Kabo. Ya sake kira.

"Malam, ba na ce maka RGB ba?"

"Wani jibin kuma? Kai, jibin gidanku ba ya ƙarewa ne?"

Ya ɗaure kayan a bayan babur, sai Gwarzo, yana zagi tun daga hanya. Zainulabideen ya jona, ya duba.

"Ai ga shi nan, a kan komfonen yake."

"Kamfanin wa? A hannunka na saya, munafuki!"

"Ba kamfani ba! Hanya biyu yake fitar da hoto. Wayar da ka jona ta ɗayar ce."

Ya danna sau ɗaya. Ja ya dawo, shuɗi ya dawo, alƙali ya koma mutum.

"Ka gani? Ar-ji-bi ke nan."

Mutumin ya ƙura wa talabijin ido, ya juyo.

"To ɗan banza, abin da yake yi yau-yau, uban wa ya raɗa masa suna jibi?"