Takardar da na tsinta a aljihun Malam

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na fita takaba ba, ko da hankalina zai gushe. (Rabi 'yata ce ke rubuta wannan. Ni duk rubutu ɗaya ne a idona, tamkar sawun kaji.)

Shekara arba'in da uku muka yi da Malam a gidanmu na Ajingi. Da Allah ya yi masa rasuwa, ina ninke rigunansa za a rabar, sai na ji takarda a aljihun babbar rigarsa ta Juma'a. An ninke ta huɗu, ta yi laushi don riƙo. Nan take na ce wasiyya ce ya bar mini. Malam ba mai yawan magana ba ne, to abin da bakinsa ya kasa, ai hannunsa ya faɗa.

Wata huɗu da kwana goma tana ƙarƙashin matashina. Na jiƙa ta da hawaye, na shanya. Ban nuna wa kowa ba, wai sai ranar taro, kowa ya ji yadda aka so ni.

Ranar na yi waina, mata suka cika tsakar gida, har dangi daga Kademi da Gafasa. Na miƙa wa Malama Hajara, maƙwabciyata mai koyarwa a firamare.

"Karanta da ƙarfi, a ji."

Ta duba, ta ɗago. "Iya, mu shiga ɗaki mana."

"Ba abin ɓoyo tsakanina da Malam. Karanta!"

Ta gyara murya. "A rage gishiri. A bar man shanu. A bar kitse da soye-soye. A dawo bayan mako biyu."

Ni kuwa na riga na tare fuska da mayafi, na shirya kuka. Ashe takardar likita ce daga asibiti a Gaya. Malama ta ce ta kai shekara huɗu.

Shekara huɗu! Kullum ina malala masa man shanu a miyar kuka, yana suɗe kwano, bai taɓa ce mini uffan ba. Na ji ƙasa ta ƙi tsagewa in shige. Sai kuma wani abu ya soki zuciyata, na ce, "Wayyo, ni na kashe shi ke nan?"

Yaya Binta, yayarsa, ta daka mini tsawa. "Rufe mana baki! Kwana ne ya ƙare. Wannan tun yana yaro ba a raba shi da man shanu. Likita ya ce kaza, miyarki ta ce kaza, ya bi miyarki. Wace wasiyya kike nema kuma?"

Aka fashe da dariya. Na yi tare da su, hawaye na zuba cikin wainar.

Allah ya jiƙan Malam, ya sa ya huta. Ku kuma mata 'yan'uwana, in kun tsinci takarda a aljihun miji, a fara karanta muku a ƙuryar ɗaki kafin ku jiƙa shinkafar waina.