Majinar Ƙahon Turawa

"A'a, baiwata ce? Lale! Shara kika zo yi mana?"

Da fara'a Sha'aibu ya faɗa. Gobe zai kare binciken digirinsa na uku kan tafiyar iska cikin bututun tagulla, kuma malaminsa ya ba shi aron sakbut don ya busa a gaban malamai. Ƙahon Turawa ne irin na shekara ɗari biyar da suka wuce, aka ƙera sabo: ƙaramin baki, da dogon bututu mai zamewa gaba da baya. Kwana uku yana busa shi a falonsa na unguwar Danau Kota, can ƙasar wajen da yake karatu, yau sai abin ya koma kurkura. Bawan Allah ya gama sallamawa ya lalata kayan aro.

Hansatu, 'yar kawunsa, nas ce, ta zo gaida matarsa.

"Ni ce 'yar namiji, bawana. Tun daga lif nake jin gurnani, na ce wa ya yanka rago bai ƙarasa ba?"

"Ke kin ma yi min adalci. Maƙwabcina Basine maganin ciki ya kawo min."

"Ba kai ke cika mana baki kakanka na wajen uba mabushin kakaki ne ba?"

"Ɗaukar kakakin yake yi wa mabushin. Ni ɗaukar na gada."

"Shekara huɗu gwamnati na ciyar da kai ka koyi tusa da ƙarfe!"

"Da first class ma kuwa. Hansatu, bar wasa, na kashe ƙahon nan. Gobe sai dai in busa musu bakina."

"Sake busawa in ji."

Ya busa. Ta karkata kai kamar mai sauraron ƙirjin majinyaci, sannan ta fizge ƙahon, ta zare bututun gaba ɗaya. Sha'aibu ya ɗora hannu a ka yana salati. Ta kifa bututun a kan tukunyar fulawa, ruwa ya tsiyayo shar.

"Majina ce. Yawunka na kwana uku, Dakta."

Ya fashe da dariya har da hawaye.

"Shafi na arba'in! Ni da hannuna na rubuta cewa na zamani ne ke da maɓallin zubar da yawu, wannan ba shi da shi. Har zane na yi!"

Ya mayar da bututun, ya busa. Sauti ya fito tas, mai taushi kamar muryar mutum.

"Don Allah kada Kawu ya ji."

"Ba komai. Amma fara gaya min, waye bawa a falon nan?"

Sha'aibu ya ajiye ƙahon, ya zura silifas zai sauka mamak, shagon abincin da ke ƙasan benensu.

"Ranki ya daɗe, uwar ɗakina, gurasar roti nawa zan sa a ƙunso miki?"