Ranar da Dakta Hovland Ya Tausaya wa Yara

Duk arewacin jihar Minnesota ta Amurka babu gundumar da Allah ya yi wa baiwar shugaban makarantu kamar tamu. Dakta Lyle Hovland ke nan, wanda yara ke kira Dakta Ba-Hutu. Ba likita ba ne, amma ka kuskura ka manta da "Dakta" ɗin, ka ga yadda fuska ke tsami.

Abin alfaharinsa biyu ne. Tun da ya hau kujera bai taɓa rufe makaranta saboda dusar ƙanƙara ba, shi kansa kuma bai taɓa fashin aiki ba. Maƙwabtan gundumomi su rufe, yaransu su kwanta abinsu, namu kuwa suna bakin titi hanci na zuba.

"Ni da kaina nake duba hanya da asuba," in ji shi a kowane taro. "Ƙanƙara ba ta hana ilimi. Lalaci ke hana shi."

Gaskiya ne, yana dubawa: daga ƙofar gidansa zuwa ofis, titin da motar share ƙanƙara ke fara bi.

Saboda tsabar kishi, ya kafa dokoki. Malamin da ya yi fashi ranar ƙanƙara, sai an karanta sunansa gaban hukumar makarantu. Babba kuma ba ya shiga bas ɗin yara sai da izini daga ofishin Dakta.

Bana iyayen yaran ƙauye suka yi ƙorafi kan haɗarin hanya ranar ƙanƙara, sai ya ce zai kunyata su: zai bi hanyar gonaki da motarsa. Ya bi kuwa, har zuwa kwanar farko, inda motar ta kwanta cikin rami.

Can sai ga bas ɗin Marlys, wadda ta tsufa tana jigilar 'yan sakandare. Ta tsaya, ta buɗe ƙofa.

"Marlys, matsa in shiga."

"Dakta, kana da izini?"

"Ai ni ne mai ba da izinin."

"To, daga ofis doka ta ce. Ni ina da jikoki, ba na so a kore ni. Zan faɗa wa mai jan mota, amma yau layi gare shi."

Ta rufe ƙofa a hankali, ta ja.

Dakta ya koma mota ya kunna ɗumi, ya yi tunani. In makaranta na buɗe, shugaba ya yi fashi, kuma sunansa za a karanta. In tana rufe, babu wanda ya yi fashi. Bawan Allah, ya ɗauki waya ya kira gidan rediyo.

"Bayan na duba hanyoyi da kaina," ya ce, "na rufe makarantu. Rayukan yaranmu sun fi komai."

Lokacin yaran sun riga sun isa lafiya, har sun cire takalman ƙanƙara. Aka sake loda su. A hanyar komawa bas ɗin Marlys ta sake wucewa ta gefen ramin, yaran duk suka ɗaga masa hannu.