Ranar da Ƙafafuna Suka Ƙi Ni a Zauren Bappa Hammadu

Ba zan taɓa mantawa da wata Juma'a a unguwar Mbamoi da ke Yola ba, ko da kuwa zan manta ranar da aka ɗauke ni aiki. Lokacin ba a daɗe da gama yaƙin basasa ba, Maiduguri ce hedikwatar jiharmu, ni kuma ina akawu a wani ofis a Jimeta. Jikina kuwa kamar sillen kara (abokan aiki kan ce in iska ta taso in riƙe tebur).

Ina neman auren Dija, ita ma tana so na. Matsalar ita ce ƙanen mahaifinta, Bappa Hammadu, wanda shi ne zai ba da ita. Manomi ne, bai yarda da mutanen ofis ba. Labari ya iso mini cewa ya ce, "Akawu? Wanda biro ma yana mishi nauyi? In yarinya ya faɗi ciwo, wa zai ɗauke shi?" Aka sa mini Juma'a in je gaisuwa ya gan ni da idonsa.

A gidan da nake haya a unguwar Gwadabawa akwai wani tsohon soja, Sajan Buba. Kullum da hantsi sai ya kifa ciki a tsakar gida yana ɗaga jikinsa da hannuwa, sannan ya miƙe ya yi ta tsuguna-tashi. Abin ya daɗe yana ɗaure mini kai. Ba garma, ba buhu, amma damtsensa kamar taɓarya. Ta yaya mutum zai ɗauki kansa da kansa ya yi ƙarfi? Ai ni ma kullum ina ɗauke da nawa jikin zuwa ofis, ban ga abin da ya ƙara mini ba.

Ran Laraba na tambaye shi. Ya ce, "Malam akawu, jikinka shi ne buhun. Fara da goma. Goma kawai kullum, wata uku za ka ga canji."

Wata uku! Ni da nake da kwana biyu. Sai na yi lissafi irin namu na ofis: goma sau kwana casa'in, ɗari tara ke nan. In na raba biyu, na gama kafin Juma'a. Na kulle ɗaki na kama tsuguna-tashi, sai da na kai ɗari biyu da wani abu kafin na zube. Ran Alhamis na ji ɗan tsami a cinya, har ina murna wai ƙarfi ne ke shiga. Abin da ban tsaya na ji daga Sajan ba shi ne, ciwon wannan abu ba ya zuwa ranar da aka yi, sai jibi.

Juma'a na tashi ina tafiya kamar agwagwa. Yayana, Hamma Sale, shi ya goya ni a keke har Mbamoi, babbar riga ta rufa mini asiri. Muka cire takalma a ƙofar zaure. Kun san dai al'ada: mai neman aure ba ya hawa tabarmar suruki, tsugunawa yake can gefe, kai a ƙasa. Na tsuguna (gaskiya faɗuwa na yi). Gaisuwar Yola kuwa ba ta ƙarewa. Aka gaida gida, aka gaida shanu, aka gaida gona, aka komo gida.

Can Bappa ya ce, "To, ku tashi, Allah ya yi albarka."

Hamma ya miƙe. Ni ma na ce wa ƙafafuna su tashi, suka yi kamar ba da su nake ba. Na sake yunƙurawa. A karo na uku na tafi da baya, ƙafafu a sama, hula ta gangara, gwiwar hannuna ta kifar da ƙwaryar kindirmon da aka kawo mana. Daga bayan zana na ji dariyar mata, kuma na gane muryar Dija a ciki. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Bappa, dattijo mai shekara saba'in, ya tashi daga buzunsa ko dafa ƙasa bai yi ba. Ya kama hammatata ya ɗaga ni tsaye.

"Yaro, ciwo ne da kai?"

Na ga in na yi shiru zai ɗauka wata cuta nake ɓoyewa, auren ya tashi. Sai na faɗa masa komai, har da lissafin. Ya dube ni ya ce:

"Ba kaya a kai? Haka kawai kana tsugunawa kana tashi, ba shuka, ba tatsa?"

"Haka kawai, Bappa."

Ya juya wajen Hamma. "Mutum ya kashe ƙafan shi saboda 'yarmu, mun ba shi. Amma damina ya zo gonana ya yi tsugunon a nan, kowa ya amfana."

Damina uku na yi ina zuwa, kuma a can na gane Sajan ya yi gaskiya: ƙarfi yana shiga, amma a hankali. Jiki ba fayil ba ne da za a tara masa aikin wata uku a gama a yini ɗaya. Har yau goma nake yi kowace safiya. In na zarce zuwa sha ɗaya, sai Dija ta leƙo daga madafa ta ce, "Malam, wa kuma za ka je gaisarwa jibi?"