Fulawar da Kawu Sama'ilu Ya Bari

"Lafiya ƙalau, amaryata. Ya ƙarfin sauran ƙasusuwan?" na tsokani kakata.

"Su za su raka ka makabarta, angon banza. Zagayo nan, ina da shari'a da kai."

A shekarar farin nan ne, damina ta uku da gero ya ƙi yin ido a ƙauyenmu na gefen Makoɗa. Rijiyar unguwa ta koma gaba ashirin da uku, ni na auna da igiya. Guga shida ne rabon gidanmu kullum, ɗaya na kakata Iya Kaltume. A bayan ɗakinta akwai wata fulawa, ɗan itace iya ƙuguna, ganyenta kore, gefensa fari kamar an goga alli. Kwana huɗu ina faƙar idonta ina tsinke masu farin ina barbaɗa toka. Ran nan na tarar da ita zaune a gindinta, busassun ganyen a faifai.

"Zauna, ɓarawo. Kwana huɗu ina zagin akuyar maƙwabciyarmu Marta, ashe akuyar mai ƙafa biyu ce, har da ɗan gemunta."

"Gemun da kika gani kika nace? Magani na yi mata. Ganye arba'in da bakwai na cire, duk masu ciwo. Saura goma sha tara."

"Har ƙirgawa ka yi! Kai ko tuwo aka ba ka sai ka ƙirga loma."

"Bana wa ba ya ƙirga loma? Kin manta gyaɗarmu? Haka ganyenta ya ɗashe, sai ga gona fayau."

"Sannu malamin gona! Haka Allah ya halicce ta. Kai da aka haifa da kunne kamar marfin tukunya, yanke maka aka yi?"

"To me ake da ita? Ba 'ya'ya, ba miya, inuwarta ko kaza ta raina. Ludayi uku kike zuba mata da safe, uku da yamma, na gani. Bari in tuge ta in dasa miki zogale, ki ci kwaɗo."

"Tuge ta ka ga yaji. Sai ka biyo ni biko har Zakirai, a ƙasa."

"Wa zai riƙe ki a can, da haƙori uku?"

"Huɗu! Wai mai lissafi ke nan."

Ta yi dariya, dariyar ba ta yi nisa ba. Ta ɗauki ganye ɗaya tana murzawa.

"Usmanu, kawunka Sama'ilu ne ya kawo min ita a gwangwanin madara, daga gidan da yake aikin lambu a Kano. Reshe ne kamar ɗan yatsa. Ya ce, Iya, ga itace mai furfura irin taki. Da yunwa ta matsa zai tafi Kurmi, ya ce kafin ta kai tagar nan ya dawo. Damina uku ke nan, wasiƙa ɗaya. Yanzu in ya shigo ya gan ta kore shar, ai cewa zai yi na bar tasa ta mutu na dasa wata."

Na dubi tagar. Saura taƙi ɗaya da rabi. Wannan lissafin ban faɗa mata ba.

"Iya, ludayi shidan nan, daga ina suke fitowa?"

"Ina ruwanka?"

"Daga na shanki ne. Shi ya sa kika bushe kamar kilishi, ina ta jin kunya a gari, ana cewa ba na ciyar da ke."

"Da kana ciyarwa?"

"Guga na bakwai dai babu. Ko na roƙa, unguwa ba za ta yarda ba."

"Wa ya aike ka roƙo? Alwala dai kana yi, ko ita ma ka soke ta don tsimi? Maimakon ka zubar a ƙofar zaure, zo ka yi a gindinta."

Na lissafa nan take. Sau biyar, ludayi bibbiyu, goma ke nan, ya fi nata da huɗu.

"Na yarda, kin ci. Amma naki ki shanye shi, a gabana."

"Ji mugun miji, har da tsaro!" Ta kwance bakin zaninta, ta ɓantaro rabin goro, duk ya yi yaushi, ta miƙo min. "Ungo ladan aiki. Ɗauko butarka, an kira azahar. Ka tsuguna ta nan gabas, can gefen ya fi jin ƙishi."