Rufin da Marigayi Ya Buga

"Lafiya lau, ya gajiya, ya mutan gi... Kai, tsaya! Wa nake gani da guduma kamar mai zuwa fasa shago?"

Da haka tsohuwar ta tarbe mu. Mu 'yan aikin sa kai ne, duk ƙarshen mako mukan gyara wa marasa ƙarfi gidaje kyauta. Ni ne maginin ƙungiyar, jikanta kuma kafintanmu. Mun gyara ɗakuna da dama a unguwar, amma nata ya gagare mu, duk zuwan da muka yi sai ta fatattake mu. Ga damina ta kawo kai, katakon rufin ya ruɓe ya lotsa daidai saman gadonta. Ni dai wallahi tsoro nake ji kada wata rana ya rufto mata.

"Angonki ne, Kaka," in ji kafinta. "Na zo gyara ɗakin amarya."

"Allah ya raba ni da ango mai wuya kamar mariƙin lema. Wa ya ce maka ɗakina ba shi da lafiya?"

"Robobin nan ne suka faɗa min. Roba a kan gado, bokiti a bakin ƙofa, tukunya a kan akwati. Ɗaki ne ko shago?"

"Ruwan sama nake tarawa. Kai da kake saye, baƙin ciki kake min?"

"Ke kaɗai ce a garin nan kike kwana da lema a buɗe."

"Kai kuma kai kaɗai ne kafintan da ya yi min kujera ta kayar da ni ranar farko."

"Nauyinki ne."

"Nauyina? Ni da iska ke neman ɗauka? Ka je ka gyara wa marasa ƙarfi, ni da ƙarfina."

"Ƙarfin baki ba. Shi kam ko tsatsa bai yi ba."

Na yi zaton za ta rama, sai na ga ta tsaya a bakin ƙofa ta dafa bango, fuska ba wasa.

"Kakanka ne ya buga rufin nan da hannunsa. Ba mai cire min ko ƙusa ɗaya ina raye."

Tausayinta ya kama ni. Amma ɗan nan ba ya jin magana. Ina tsaye ina lallashinta, ashe ya zagaya baya ya jingina tsani. Ba mu ankara ba sai muka ji dariyarsa daga sama.

"Baba magini! Zo ka ga abin mamaki. Duk ƙusoshin nan a kwarin kwano aka buga su!"

Ga wanda bai sani ba, a kan tudun kwano ake buga ƙusa, ruwa ya bi kwari ya wuce. Marigayi kuwa hanyar ruwan ya bi ya huda, daga wannan kusurwa har waccan.

"Sauko, marar kunya!"

"Kaka, ai ba rufi ya yi miki ba, rariya ya kifa miki."

"Kakanka tela ne! Ina ruwansa da kwano? Layi ya gani ya bi, ya ɗauka ɗinki ne."

Tana faɗar haka ta toshe baki, amma ina, maganar ta riga ta fita. Sai dariya ta ƙwace mata. Ta zauna a kan dakali tana yi, hawaye na zuba, ni kaina ban san na dariya ba ne ko na kewa.

"Tun ruwan farko yake yoyo," ta ce. "Ba mu da abin biyan kafinta, ya ce shi zai hau. Da asuba ya tashi a jiƙe sharkaf, ya ce don Allah kada kowa ya ji. Shi ya sa nake korarku. Na san duk wanda ya hau sai ya gani."

Kafinta ya sauko a hankali ya durƙusa a gabanta.

"Ba wanda zai ji, Kaka. Duk wanda ya tambaya, tsatsa ce ta cinye kwanon. Ko ba haka ba, Baba magini?"

"Ni ban taɓa ganin tsatsa mai muni irin wannan ba," na ce.

"Amma fa kin yarda na fi tsohon angonki iya aiki," in ji kafinta.

"Ka fi shi surutu dai. Shi da kunyarsa."

Ta share ido da gefen mayafi, ta dubi rufin ta daɗe. Sannan ta miƙe tana ɗingishi ta zagaya bayan ɗakin, muna biye da ita. Na kai hannu zan riƙe tsanin, ta buge min hannu.

"Matsa, magini, ba ka iya ba. Hau, ango. Na taɓa riƙe wa wanda ya fi ka kyau."